Zafin Ruwa Ake Aunawa Kafin a Jefa Ƙugiya

A Amurka, kamun kifi da fatsa wasa ne da mutane ke kashe wa kuɗi, kuma kifaye biyu na cikin waɗanda suka fi ɗaukar hankalinsu: bas (kifi ake nufi, ba motar haya ba) da tirawut. Sabon shiga yakan fara da tambayar wane kogi ko tafki ne ya yi suna. Tambayar da ta kamata ya fara da ita ita ce: ruwan nan sanyi gare shi ko ɗumi, kuma haka yake zama har tsakiyar bazara? Dalili kuwa, yanayin jikin kifi yana bin na ruwan da yake ciki, kuma ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar oksijin. A digiri 10 na ma'aunin Salshiyas, lita ɗaya ta ruwa na iya ɗaukar miligiram 11 da 'yan kai na oksijin. A digiri 30 ba ta kai 8 ba. Masuntanmu sun san makamancin wannan, domin tarwaɗa na rayuwa a kududdufin da giwan ruwa ba zai kwana a ciki ba.

Tirawut ɗan sanyi ne. Ya fi sakewa tsakanin digiri 10 zuwa 16, yana fara galabaita idan ruwa ya haura 20, shi ya sa ake nemansa a ƙoramun duwatsu, da rafukan da maɓuɓɓuga ke ciyarwa, da inda bishiyoyi suka yi wa ruwa inuwa. A jihar Montana, idan zafin kogi ya kai wajen digiri 23 kwana uku a jere, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare, saboda kifin da aka kama aka sake a irin wannan ruwa sau da yawa ba ya farfaɗowa. Bas mai babban baki kuwa ɗumi yake so, da ruwa mai kwanciya, da bado da ciyayi da kututturan da zai laɓe ya yi wa ƙananan kifaye kwanton ɓauna. Ɗan'uwansa mai ƙaramin baki yana tsakani: ruwa garau mai ɗan sanyi da ƙasa mai tsakuwa, irin na tafkin Erie.

Babu hujjar da ta kai ta kogin White a jihar Akansas. A da, kogi ne mai ɗumi da aka san shi da bas mai ƙaramin baki. Da aka gina madatsar ruwa ta Bull Shoals a farkon shekarun 1950, sai ruwan da ake sakewa ya riƙa fitowa daga can ƙasan tafkin, inda rana ba ta kaiwa. Bas ya ja da baya daga wannan sashe na kogin, aka zuba tirawut, ya kuwa samu gida. Yau a saman bangon ana kama bas, a ƙasansa ana kama tirawut, ƙasar ɗaya, ruwan ɗaya, ruwan sama da rana duk ɗaya. A kogin Little Red na wannan jiha, ƙasa da madatsar Greers Ferry, aka kama wani tirawut mai nauyin kilo 18 a 1992, a yankin da asalinsa ba shi da wannan kifi ko ɗaya.

Wani zai ce ai suna ba ya zuwa a banza, inda aka taɓa kama babban kifi nan ya kamata a nufa. Akwai gaskiya a ciki, amma suna labarin ruwan jiya yake bayarwa. Bas ɗin da George Perry ya kama a 1932, mai kilo 10 da ɗan ɗoriya, wanda aka shafe fiye da shekara 70 ba a kamo irinsa ba, ya fito ne daga tafkin Montgomery a jihar Jojiya, wani gurbi da kogin Ocmulgee ya bari. Laka ta cike yawancinsa tun tuni. Wanda ya yi kunnen doki da shi sai a 2009, kuma a tafkin Biwa na Japan, ƙasar da kai mata kifin aka yi daga waje.

Wani kuma zai ce hukumomi na zuba kifi inda suka ga dama, to mene ne na damuwa da ma'aunin zafi? Jihar Tekzas tana zuba tirawut a tafkunan cikin gari kowane hunturu, a kama a ci, don an san ba zai ga ƙarshen bazara ba. Wanda ya je can a watan Yuli ya yi asarar kotonsa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na abinci: ruwa na iya yin sanyi daidai amma ba ƙwari, ba ƙananan kifaye, tirawut ɗinsa ya tashi a tsumbure. Haka ne, kuma shi ya sa rafukan da ke ratsa dutsen farar ƙasa, masu yawan ƙwari, suka fi ba da manya. Sai dai abinci girman kifi yake yankewa. Zafin ruwa ne ke yanke ko kifin zai kasance a wurin tun farko.

A tafki mai zurfi ma lissafin bai canza ba, tsaye kawai ya koma. Da bazara ruwan kan rabu hawa-hawa, ɗumi a sama, sanyi a ƙasa, don haka tafki ɗaya na iya riƙe bas a bakin gaɓa da tirawut a zurfi, muddin ruɓaɓɓun ciyayi ba su cinye oksijin ɗin ƙasan ba.