Sakamakon Gwajin Huhu Bayan Gudan Jini: Kada Takarda Ta Karya Mana Zuciya

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan waɗanda suka tsira daga ciwon gudan jini a huhu, amma da aka sake gwada su, sai aka ce huhun bai koma daidai ba. Da yawa sukan dawo gida da takarda a hannu, barci ya gagara, abinci ya ƙi ciwuwa. Wasu har sukan bar shan magani, suna cewa ai ba amfani. Wannan shi ne haɗari mafi girma.

Yadda ciwon yake farawa

Yawanci jini yakan daskare ne a cikin jijiyar ƙafa, ƙafar ta kumbura tana zafi. Idan gudan ya ɓalle, sai ya bi jini ta zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Abubuwan da sukan jawo shi sun haɗa da doguwar kwanciyar jinya, tiyata, karayar ƙafa, ciki da makonni 6 na bayan haihuwa, ciwon daji, ciwon sikila, da doguwar tafiya a mota ba tare da motsa ƙafa ba. Maganin da likita yake bayarwa yana hana gudan ƙaruwa, yana kuma hana wani sabo fitowa. Jiki ne da kansa yake narkar da tsohon a hankali, cikin makonni ko watanni. Shi ya sa ake shan maganin aƙalla wata 3, wasu kuma fiye da haka.

Me gwajin yake aunawa?

A gwaji ɗaya ana ba mutum bututu ya hura da iyakar ƙarfinsa, na'ura ta auna yawan iskar da ya fitar da kuma saurin fitarta. Wani gwajin kuma yana auna yadda iska take ratsawa daga huhu zuwa cikin jini. Wannan na biyun ne ya fi yin ƙasa bayan gudan jini. Ana kwatanta sakamakon da na masu lafiya da suke daidai da mutum a shekaru da tsawo, kuma sau da yawa idan ya gaza kashi 80 cikin 100 sai a sa masa alama.

Amma lamba ɗaya ba ta faɗin dukan labari. Tari, mura, ciwon ƙirji ko rashin iya hurawa sosai suna iya rage ta. Ƙarancin jini yana sa gwaji na biyu ya yi ƙasa. Tsohon tarin tibi, asma, shan taba, da hayaƙin itace da iyayenmu mata suke shaƙa a wurin girki shekara da shekaru, duk suna barin tabo tun kafin gudan jinin ya zo. Don haka likita yakan haɗa takardar da yadda mutum yake ji a jikinsa, yakan kuma sake gwajin bayan wasu watanni.

Haki bayan an sallami mutum ba baƙon abu ba ne, domin jikin da ya daɗe a kwance ya yi rauni. Yawancin mutane suna samun sauƙi sannu a hankali. Kaɗan ne, wajen mutum 2 zuwa 4 cikin 100, gudan yake zama tabo a jijiyar huhu har ya wahalar da zuciya. Wannan ma yana da magani idan an gano shi da wuri. Wanda ya sha magani wata 3 cikakku amma hakin bai ragu ba, ya nemi a tura shi babban asibiti a ɗauki hoton zuciyarsa.

Abin da za mu yi

Mu koma wurin likita da takardar, tare da wani ɗan'uwa mai iya karatu. Mu tambaya: wace lamba ce ta yi ƙasa, me ya sa, yaushe za a sake gwaji?

Kada mu bar magani sai likita ya ce. Mai shan warfarin ya riƙa zuwa gwajin jini a kan lokaci. Macen da take shansa, idan ta ga alamar ciki, ta gaya wa likita nan da nan, domin yana cutar da jariri.

Kada mu sayi asfirin, ibuprofen ko diclofenac a kemis, kada mu haɗa da maganin gargajiya, kada kuma mu yarda a yi mana ƙaho ko tsaga. Jinin yana iya ƙin tsayawa.

Mu riƙa tattaki kowace rana, muna ƙara nisa kaɗan kaɗan. Lokacin ƙurar hunturu mu rufe hanci.

Tsoro da kansa yana sa numfashi sauri, zuciya ta yi ta bugawa, mutum ya ɗauka ciwon ne ya dawo. Idan haka ta faru, a zauna, a ja iska ta hanci, a fitar da ita a hankali ta baki kamar mai hura koko.

Alamun da ba a jira da su

A tafi asibiti nan take, ko da dare ne, idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ƙirji yana suka, ana tarin jini, mutum ya suma, ko ƙafa ɗaya ta kumbura. Haka kuma idan haɓo ya ƙi tsayawa, bayan gida ya yi baƙi, fitsari ya fito da jini, ko mai shan maganin ya bugu a kai.

Aikin ikilisiya

Damuwa bayan ciwon da ya kusa ɗauke rai ba rashin bangaskiya ba ne, kada mu tsauta wa mai ita. Zuwa asibiti ma ba raina ikon Allah ba ne. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne. Muna roƙon fastoci, dattawa da zumuntar mata su ziyarci irin waɗannan 'yan'uwa, su saurare su, su yi addu'a tare da su. Matasa su yi musu gayya a gona. A taimaka da kuɗin mota da na magani, domin rashinsu ne yake sa wasu tsayawa a rabin hanya. Wanda baƙin ciki ya hana shi barci makonni, a raka shi ya gaya wa likita, wannan ma ana maganinsa.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi da kwanciyar rai. Amin.