Wace wuta ce ke ci a cikin rana?

Ɗan kasuwar da tsadar fetur ta ishe shi, ya kafa farantan sola a rufin shagonsa, ya san cewa rana ce ke juya masa fanka, ita ce kuma ke sanyaya masa firji. Abin da ba kasafai yake tsayawa ya tambaya ba shi ne, ita ranar wace irin wuta ce ke ci a cikinta, me kuma ya hana ta mutuwa.

Tambayar ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Da rana dunƙulen kwal ce mai ci kamar garwashin murhu, da ta zama toka cikin 'yan dubban shekaru. A ƙarni na 19, Lord Kelvin na Birtaniya ya ce zafin yana fitowa ne daga matsewar da nauyin rana ke yi mata, kuma lissafinsa ya ba ta shekaru miliyan ashirin zuwa ɗari. Masu nazarin duwatsu suka ƙi amincewa, domin shaidar da ke hannunsu ta nuna cewa duniya ta girmi haka nesa ba kusa ba.

Ba a sararin samaniya aka fara gano bakin zaren ba. A ɗakunan gwaji aka gano shi, cikin abu mafi ƙanƙanta da aka sani a lokacin, wato ƙwayar zarra. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron a Jami'ar Cambridge, aka fahimci cewa zarra ma tana da 'yan ciki. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyinta yana tattare ne a wata 'yar cibiya da ke tsakiya. Da za a faɗaɗa zarra ta kai filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar filin ba. A cikin cibiyar akwai firoton, akwai kuma nutiron, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Yawan firoton shi ke raba sinadari da sinadari: haidirojin na da ɗaya, hiliyam biyu, baƙin ƙarfe 26.

A 1920 Francis Aston ya auna waɗannan ƙwayoyi, ya ga wani ɗan giɓi da ya zama mabuɗin komai. Zarra huɗu na haidirojin sun ɗara zarra ɗaya ta hiliyam nauyi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tun 1905 Albert Einstein ya riga ya nuna cewa nauyi na iya rikiɗewa ya zama makamashi, kuma kaɗan daga cikinsa kan haifar da makamashi mai yawan gaske. Arthur Eddington ya haɗa biyun a shekarar ta 1920, ya ce haidirojin ne ke curewa ya zama hiliyam a cikin taurari, ɗan giɓin nan kuwa shi ne hasken da ake gani. Cecilia Payne ta tabbatar a 1925 cewa akasarin jikin taurari haidirojin ne da hiliyam, duk da cewa manyan masana na lokacin sun yi jinkirin yarda da ita. Hans Bethe ya fayyace matakan curewar a 1939.

A yau an san cewa a kowace daƙiƙa rana na sarrafa haidirojin kimanin tan miliyan 600, kuma kusan tan miliyan huɗu daga ciki na komawa makamashi. Ana yin aikin ne a can tsakiyarta, inda zafi ya kai digiri miliyan 15 a ma'aunin Salshiyas.

Abin mamakin shi ne irin nawar da aikin ke yi. Firoton biyu ba sa ga maciji, domin cajinsu iri ɗaya ne, kowanne na tunkuɗe ɗan'uwansa. Ko wancan zafin bai isa ya tilasta musu haɗuwa kai tsaye ba. Sai dai dokokin da ke tafiyar da ƙananan ƙwayoyi kan bar ɗaya ya kutsa shingen jefi-jefi. Saboda haka firoton guda kan yi biliyoyin shekaru yana gararamba kafin ya dace. Idan aka ɗebi wani yanki na tsakiyar rana daidai girman jikin mutum, zafin da yake samarwa bai kai wanda jikin mutumin ke fitarwa ba. Girman rana ne ya tara wannan ɗan kaɗan ya zama abin da ke ƙona fata da azahar. Wannan nawar ita ce ta sa rana ta shekara biliyan 4.6 tana ci, kuma tana da guzurin wasu shekaru kusan biliyan biyar.

Makamashin kan ɗauki dubun-dubatar shekaru yana karo da ƙwayoyi kafin ya fito sarari. Daga nan sai ya keta kilomita miliyan 150 cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, ya faɗa kan farantin sola, ya zaburar da ilektiron ɗin da ke cikin silikon, su bi waya zuwa batir.

Sauran taurari ma haka suke. Kaza da 'ya'yanta ranaku ne da suka fi tamu zafi, nisa ne ya mayar da su ɗige-ɗige. (Zara matar wata kuwa ba tauraruwa ba ce a ma'anar kimiyya, duniya ce da ke aron hasken rana.) Manyan taurari ba sa tsayawa a hiliyam. Sukan ci gaba da ƙera kabon da iskar oksijin da silikon har zuwa baƙin ƙarfe, inda curewa ke daina ba da makamashi, sai tauraron ya rufta ya tarwatse, ya watsa abin da ya ƙera. Daga irin wannan ƙura silikon ɗin farantin ya fito, haka ma ƙarfen da ke cikin jini.

Masana na ƙoƙarin kunna irin wannan wuta a doron ƙasa domin samar da lantarki. A Disambar 2022 wata cibiyar gwaji a jihar Kalifoniya ta Amurka ta samu makamashin da ya ɗara wanda hasken lesa ya kai wa ɗan ƙwayar man gwajin, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. A kudancin Faransa kuma ana kan gina babbar na'urar ITER, wadda aka sha ɗage ranar fara aikinta.