Nick Foles, Ɗan Bencin Da Ya Ci Kofin Super Bowl

A ƙwallon Amurka, wadda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai ana ture-ture cikin hular kwano, babu ɗan wasan da ya kai kwatabak muhimmanci. Shi ke karɓar umarnin koci, ya rarraba wa sauran 'yan wasa goma aikinsu, sannan ya jefa ƙwallon. Kowace ƙungiya a gasar NFL tana ajiye wani kwatabak na biyu a benci, kamar mai tsaron gida na biyu a ƙwallon ƙafa, wanda ba a tuna shi sai na farko ya ji ciwo.

Zaman bencin nan ba hutu ba ne. Dole ɗan benci ya haddace littafin dabarun ƙungiya kaf, ya zauna kallon bidiyon abokan hamayya tare da na farko. Amma a filin atisaye kusan duk damar jifa ta na farko ce. Shi kuwa galibi aikinsa ya kwaikwayi kwatabak ɗin ƙungiyar da za a kara da ita, don masu tsaron baya su gwada ƙarfinsu a kansa. Ranar wasa sai a gan shi a gefen fili da na'urar sauraro a kunne. Wasu a haka suke ƙare sana'arsu, kuma ba su yi asara ba: Chase Daniel ya haura shekara goma a NFL, wasa 5 kacal aka fara da shi, amma ya tara sama da dala miliyan 40.

Nick Foles ya ɗanɗani kowane gefe na wannan rayuwa. Philadelphia Eagles ta ɗauko shi a 2012, kuma a 2013 ya yi jifa 27 da suka kai ga ci, sau 2 kawai aka tare masa ƙwallo. Daga nan abubuwa suka taɓarɓare. An musanya shi zuwa Rams a 2015, can aka mayar da shi benci, har ya yi tunanin ajiye wasa gaba ɗaya. Tsohon kocinsa Andy Reid ne ya jawo shi Kansas City a 2016, sannan a 2017 ya koma Eagles a matsayin mataimakin Carson Wentz, matashin da ake yi wa kallon gwarzon kakar.

Ranar 10 ga Disamba 2017 jijiyar gwiwar Wentz ta tsinke a wasansu da Rams. Masu sharhi da yawa suka yanke ƙauna. Foles ya karɓi ragama, Eagles ta fitar da Atlanta, ta lallasa Minnesota da maki 38 da 7, ta isa Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, ranar 4 ga Fabrairu 2018, inda New England Patriots da kwatabak ɗinta Tom Brady ke jira. Brady ɗin ma, a tuna, ta ƙofar benci ya shigo a 2001 lokacin da Drew Bledsoe ya ji rauni.

Daf da tafiya hutun rabin lokaci, Eagles na yadi ɗaya daga layin ci, Foles ya taho gefen fili ya ba koci Doug Pederson shawarar wata dabara da ake kira Philly Special. Ya matsa gefe kamar mai ba da umarni, aka miƙa ƙwallon ga wani, shi kuma ya sulale ba wanda ya kula da shi, abokin wasansa Trey Burton ya jefa masa, ya cafke a cikin gidan ci. Mai jifa ya koma mai cafkewa. Eagles ta yi nasara da 41 da 33, kofinta na Super Bowl na farko, aka zaɓi Foles gwarzon wasan.

Abin da ya biyo baya shi ya fi nuna yadda sana'ar take. Wentz na warkewa a kakar 2018, Foles ya koma benci, ga mutum-mutuminsa kuma a tsaye a wajen filin wasan ƙungiyar. A ganina ƙungiyoyin da suka ɗauke shi daga baya sun yi kuskuren lissafi: iya riƙe ƙungiya mai ƙarfi na wasu makonni daban, ɗaukar nauyinta kaka bayan kaka daban. Jacksonville Jaguars ta ba shi kwantiragin dala miliyan 88 a 2019, ƙashin wuyansa ya karye a wasan farko, ɗan bencinsa Gardner Minshew ya gaje wurin. Ya ratsa ta Chicago da Indianapolis, mafi yawa a benci, kafin ya sanar da ritaya a 2024 da sunan ɗan wasan Eagles.