ASKY: kamfanin ƴan kasuwa ne, amma da hannun gwamnatin Habasha a ciki

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tashi daga Yamai zuwa Kwatano, Akara ko Duwala ya san jirgin ASKY, ya kuma san zaman jira a filin jirgin Lome. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne ko su wa ke da wannan kamfani, da kuma dalilin da ya sa kusan kowace tafiya sai ta bi ta Togo.

Labarin ya faro ne daga mutuwar Air Afrique, kamfanin da ƙasashe 11 suka kafa a 1961, ciki har da Nijar da Chadi. Bashi da katsalandan na gwamnatoci suka durƙusar da shi a 2002. Nigeria Airways ya bi bayansa a 2003. A waɗannan shekaru, mai son zuwa wata ƙasar Afirka wani lokaci sai ya bi ta Paris.

Wannan giɓi ne ya sa wani attajirin Togo, Gervais Koffi Djondo, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ecobank, ya haɗa kan masu kuɗi da bankunan yankin irin su BOAD da BIDC. Suka yanke shawarar cewa sabon kamfanin zai zama na ƴan kasuwa, ba na gwamnatoci ba. Sai dai kuɗi kaɗai ba ya tashin jirgi, dole sai da matuƙa da makanikai da masu sanin harkar. Nan ne Ethiopian Airlines ya shigo, ya sayi hannun jari mai tsoka, ya kuma karɓi kwangilar tafiyar da kamfanin. ASKY ya fara jigila a watan Janairu na 2010.

To, Ethiopian Airlines mallakar gwamnatin Habasha ne ɗungurungum. Ke nan wata gwamnati daga gabashin Afirka ta samu wurin zama a sararin samaniyar Afirka ta Yamma ba tare da ta kafa kamfaninta a nan ba. ASKY na tattaro fasinjoji daga biranenmu, Ethiopian kuma na kwashe su zuwa Addis Ababa, daga can zuwa Dubai ko Guangzhou, inda ƴan kasuwarmu ke saro kaya. Daga 2016 ma, jirgin Habasha mai zuwa Amurka ya fara yada zango a Lome. Ga Habasha, wadda ke da hedkwatar Tarayyar Afirka, wannan riba ce da kuma faɗa a ji.

Togo ma ba ta yi asara ba. Ƙaramar ƙasa ce, amma ta zama mahaɗar jirage a yankin. Shi ya sa a 2023 gwamnatinta ta sayi kusan kashi 14 cikin 100 na kamfanin da aka kafa don a kauce wa gwamnatoci. A shekarar ce kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, aka rufe iyakar Nijar da Benin, kayan da suka saba bi ta Kwatano suka koma tashar ruwan Lome, su ratsa Burkina Faso. Kowa a kasuwannin Gaya da Maradi ya ji a jikinsa yadda siyasa ke sauya hanyar kaya.

Ba ko'ina dabarar Habasha ta ci ba. A Chadi, Tchadia Airlines da aka kafa a 2018, Ethiopian na da kashi 49, ya rushe a 2022. A Najeriya kuwa, kamfanonin jiragen cikin gida suka kai ƙara kan shirin Nigeria Air, suna cewa baƙo zai cinye musu kasuwa. An baje jirgin a Abuja a watan Mayu na 2023, sabuwar gwamnati ta dakatar da shirin, kotu kuma ta soke yarjejeniyar a 2024.

Bambancin a fili yake: a Chadi da Najeriya gwamnati ce abokiyar cinikin, a Lome kuwa masu kuɗinsu ne ke sa ido kan riba. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kamfanin da ya dogara da gwamnatin Habasha wajen gudanarwa, ya kuma karɓi kuɗin gwamnatin Togo, ba zai iya toshe kunne ba ranar da suka yi magana. Mu da ke biyan kuɗin tikiti da na awon kaya, ya kamata mu riƙa bin labarin waɗannan gwamnatoci kamar yadda muke bin farashin sefa da naira.