Gaɓar Tiga da Ƙasar da Ke Bayanta

Matafiyin da ya baro birnin Kano ta hanyar Zariya, ya karya kwana a Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada, ba sai an gaya masa ya shigo wata ƙasa dabam ba. Rairayin arewa ya ƙare, jar ƙasa ta karɓa. Ɗorawa da kaɗanya sun yawaita, duwatsu sun fara ɗago kai, masara ta ture gero daga mafi yawan gonaki. Damina kan riga sauka a nan kafin ta isa birni, kuma takan daɗe ba ta ɗauke ba. Ƙananan hukumomi huɗu ne suka jeru a wannan kusurwa ta kudu: Bebeji da Kiru daga yamma, Tudun Wada a tsakiya, sai Doguwa da ta miƙe can ƙasa tsakanin jihohin Kaduna da Bauchi.

Daga nan zuwa tekun Ikko tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Duk da haka mutanen yankin suna da gaɓarsu, suna da masuntansu da kwalekwalensu, har da sarkin ruwa. Abin lura kawai shi ne, akwai dattawa da yawa a ƙauyukan nan da suka girmi gaɓar.

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano a ƙasar Bebeji. Ruwan da ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178, kuma an tsara madatsar ta riƙe ruwa mai yawan kubik mita kusan biliyan 2. Ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da fadamu da kufan gidaje da maƙabartu. Dubban mutane aka tasa. Har yau dattijo kan tsaya a bakin tafkin ya nuna wa jikansa tsakiyar ruwa da sandarsa, ya ce a can aka yanke masa cibiya. Yaron zai duba, ba zai ga komai ba sai jirgin masunci.

Kafin ruwa ya zo, tarihin wannan ƙasa na ganuwa ne da fatauci. Burumburum, da ke gabas da tafkin a cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada, nan ne mulkin Kutumbawa ya ƙare. Bayan da masu jihadi suka ci rundunar Sarkin Kano Muhammadu Alwali a Ɗanyaya, sai ya bar birni, ya gangara Zazzau, daga baya ya juyo ya kafa sansani a Burumburum. A nan aka kewaye shi, a nan aka kashe shi wajen shekarar 1807. Sarautar da ake jan salsalarta tun daga Bagauda, a wannan gari aka naɗe tabarmarta. Yana ba ni takaici yadda ɗalibi zai gama sakandare a Kano ya san Dala da Gidan Rumfa da Kurmi, amma bai taɓa jin sunan Burumburum ba. Garin ya cancanci a riƙa kai yara su ga wurin da ido.

Bayan jihadi ma yankin bai huta ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ningawa sun yi ta kawo hari daga duwatsunsu na gabas, suna kame mutane da dabbobi, sarakunan Kano kuma suna ƙarfafa garuruwan kan iyaka. Shi ya sa tsofaffin garuruwan kudu suke a dunƙule, gida jikin gida, da burbushin ganuwa a bayan gari.

Bebeji kuwa ita ce ta haɗa yankin da teku tun kafin a yi titin mota. Zango ce ta fatake, mazaunin Agalawa masu safarar goro daga Gwanja. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Ya yi zaman kasuwanci a ƙasar da ake kira Gana a yau, yana ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan ya dawo Kano ya shiga cinikin gyaɗa bayan da layin dogo ya iso a 1911. Dukiyar da ta gina unguwar Sarari da Ƙoƙi, tushenta na kan hanyar jakunan Bebeji.

Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, ta ba Kiru mutum sama da 260,000, Tudun Wada sama da 230,000, Bebeji kusan 190,000, Doguwa kuma sama da 150,000. Doguwa ce mafi faɗi cikin huɗun, ita ce kuma mafi ƙarancin jama'a, saboda daji da dutse sun cinye mata fili. Dajin Falgore, wanda a da ake kira dajin Kogin Kano, ya kai murabba'in kilomita kusan 1,000, ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Can a Riruwai, hedikwatar Doguwa, an daɗe ana haƙar kuza, kuma aikin ma'adinai ya jawo baƙi daga wurare masu nisa. Hausawa ne suka fi yawa, Fulani na rugage da na gari, ga Maguzawa a tsofaffin gidajensu na gandu, ga Kurama a gindin duwatsu. Ranar kasuwa duk a rumfa ɗaya suke ciniki.

Wanda yake son ganin abin da tafki ya mayar da mutane, ya je mashaya da sassafe. Tun asuba masunta suka fita duba kallin da suka shimfiɗa da yamma da gurar da suka binne a bakin ciyawa. Hantsi bai ɗaga ba jirage sun fara dawowa, ana jan su kan laka. Yaro ya kwashe ruwan da ya taru a gindin jirgi da gwangwani, uban ya juye kamun a daro: karfasa ce ta fi yawa, sai tarwaɗa da kurungu, in an yi sa'a a ɗago giwan ruwa guda, nan take jama'a su kewaye ta. Dillali ya tsuguna ya ɗaga kifi ta kunne ya taya. Mai kaya ya ce albarka. A ƙara, ya sake cewa albarka, har a kai inda zai ce ya sallama. Abin da bai samu mai saye ɗanye ba, mata su fasa cikinsa su wanke, su lanƙwasa tarwaɗar su soke wutsiya a baki, a jera a kan waya a yi banda. Da yawa daga masuntan nan 'ya'yan manoma ne, iyayensu ba su taɓa riƙe filafili ba. Daga baƙin masunta da suka biyo ruwan suka koyi sana'ar.

A Tudun Wada kuma shinkafa ce ke riƙe da gidaje. Mata ke yin gumi: a jiƙa shanshera ta kwana, a turara ta a rabin durom, a baza a kan leda ta sha iska, sannan a kai inji. Mace da ta iya gumi takan aurar da 'yarta da kuɗin hannunta.

Sai dai akwai maganar da mutanen kudu ke yawan yi, kuma ina ganin suna da gaskiya. Ruwan Tiga ƙasa yake gangarawa. Babbar hanyar ruwa ta ɗauke shi zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman rani na tumatir da alkama da shinkafa ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wani kason ya bi kogi zuwa matatar Tamburawa ya shiga famfunan birni. Ragowar ya haɗu da Kogin Challawa ya zama Kogin Haɗeja, ya nufi fadamun Nguru da Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Mutumin da gonar kakansa ke ƙarƙashin tafkin, shi yana tudu. In yana son noman rani sai ya sayi injin ban ruwa da fetur da tiyo, ya bi ruwan yayin da yake janyewa da bazara. Akwai ƙauyukan da ke hango tafkin daga ƙofar gida, amma matansu rijiya suke zuwa da guga.  Wanda ya ba da ƙasa shi ne aka bari da kallo.

Na ƙasa ma ba su tsira ba. Tun da aka tare kogin ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Kuma ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ta nuna wa kowa cewa madatsa ba abin da za a gina a juya baya ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne dajin. Kogin Kano ta cikin Falgore yake ratsowa kafin ya zube a Tiga, itatuwan nan su ke riƙe ƙasa lokacin marka. Shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa suka addabi dajin, har sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki, hankalin kowa ya tafi kan tsaro. A gefe guda motocin itace da buhunan gawayi ba su fasa fitowa ba. Ƙasar da ruwan sama ya kwashe daga inda aka sare, a gindin tafkin take kwanciya, tana rage masa ciki shekara bayan shekara. Mai yin gawayi a Doguwa ba mugu ba ne, abin da zai sa a tukunya yake nema tsakanin kaka da damina. In an kai masa ruwan noman rani a tudunsa, aka ba shi dashen ɗorawa da mangwaro da zai mora, zai ajiye gatari da kansa. Kuɗin wannan aiki bai kai na yashe madatsa ba.