Kalkashin Korama: Akuya Ba Ta Isa Shaida Ba

Hotunan lambunan ƙasashen waje sun cika wayoyin mutane, kuma akwai wanda ya fi ɗaukar ido: ƙasa a lulluɓe da wani ɗan tsiro mai yaɗo, furanninsa shunayya, babu ƙura babu taɓo. Mutumin Mabai ko na Faskari da ya gani yakan ce, "Ai muna da irinsa a bakin fadama." Sai a tafi da fartanya a haƙo kalkashin korama a dasa bayan ɗaki. Wasu ma ba ado ya dame su ba, tafasa ganyen suke yi su sha, har su ɗura wa yara, wai maganin zazzaɓi da ciwon ciki. Idan aka ce a yi hattara, amsar ba ta wuce guda: "Akuyata kullum tana ci, ga ta nan garau." Wannan magana ta isa haka.

Tsiron da ke cikin hotunan masana na kiransa Heliotropium amplexicaule, asalinsa daga Kudancin Amurka, wajejen Ajantina. Namu na bakin rafi shi ne Heliotropium indicum: ganye mai gashi da tamoji, kan furen a lanƙwashe kamar wutsiyar kunama. Dangi ɗaya ne, kuma gubarsu iri ɗaya ce, wadda ake kira pyrrolizidine. Ba su da haɗi da karkashin miya, kama da wane ba ta wane.

Maganar akuya kuwa, ga inda ta rushe. Wannan guba ba ta kayar da dabba nan take yadda gyauron dawa ke yi. Sai ta isa hanta tukuna, hantar ta sarrafa ta, sannan ta rikiɗe ta zama abin da ke lalata ƙwayoyin hantar da toshe ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinta. Ɓarnar taruwa take yi, kaɗan yau kaɗan gobe, kuma abin da ya lalace da wuya ya gyaru. Dabba na iya cin ganyen da damina, ta fara rama sai bayan an gama girbi, lokacin da mai ita ya manta da abin da ya zuba mata. Daga nan sai a ɗora laifin a kan sammu ko bakin mutane, a fara kallon maƙwabci da wani ido, alhali mai laifin yana nan yana fure a gindin katanga.

Abu na biyu, akuya ita ce mafi munin shaidar da za a kafa. Awaki da tumaki suna da ƙwayoyin halitta a tumbinsu da ke rage ƙarfin gubar kafin ta kai hanta, saboda haka sun fi shanu, dawaki da kaji juriya nesa ba kusa ba. Ɗan Adam ba shi da irin wannan tumbi, kuma hantar ƙaramin yaro ta fi ta babba saurin illata. Tumakin ma juriyar tasu tana da iyaka. A Ostareliya, inda wani ɗan dangin, Heliotropium europaeum, ya mamaye makiyaya, an daɗe da sanin cewa tumaki kan tsallake shekarar farko lafiya, su mutu da shawara bayan sun sake kiwo a kansa a shekara ta biyu. Shi kansa mai yaɗon nan na cikin hotuna a matsayin furen ado aka shigar da shi ƙasar a ƙarni na 19. Ya tsallake shingen lambu ya bazu a jihohin New South Wales da Queensland, yana kashe shanu, har a 2001 hukumomi suka saki wani ƙwaro da suka kawo daga Ajantina don ya riƙa cinye ganyensa.

Wanda yake ganin abin na dabbobi ne kawai, ya ji labarin gundumar Gulran a lardin Herat na Afganistan. A tsakiyar shekarun 1970, bayan fari, irin wani ɗan wannan dangi ya gauraya da alkamar da mutane suka girbe suka niƙa. Kimanin mutum 7,800 ne suka kamu da ciwon hanta, cikkunansu suka cika da ruwa, da yawa suka rasu, cutar kuma ta sake dawowa yankin a 2008. Haka ta faru a gundumar Farkhar ta Tajikistan a 1992 zuwa 1993, inda yaƙi ya jinkirta girbi, ciyawar ta samu damar yin iri a cikin alkama, mutum kusan 3,900 suka kwanta. Dukkansu gasasshen burodi suka ci, wato wuta ba ta kashe gubar. Shanya ma ba ta kashe ta, don haka ganyen da ya shiga cikin harawa ko busasshiyar ciyawa yana nan da ƙarfinsa har rani. Tana iya bi ta cikin nono da zuma. Tun 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto na musamman a kanta, Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade adadin da za a yarda da shi a ganyen shayi da kayan ƙamshi daga Yulin 2022. Mu kuwa ana cika kofi da gangan a miƙa wa jariri. Amana ce fa Allah ya ba iyaye, ba abin gwaji ba.

Halin da Kankara, Faskari da Sabuwa ke ciki ya ƙara wa abin haɗari. Satar shanu da rashin tsaro sun sa dabbobi da yawa ba sa nisa da gida, a turke suke wuni. Dabbar da ke kiwo a daji takan kauce wa wannan ganye saboda ba ya mata daɗi, amma ta turke abin da yaro ya yanko a buhu shi za ta ci. Fari da ƙarancin makiyaya su ma suna ƙara haɗarin.

Son rufe ƙasa ba laifi ba ne, dabara ce mai kyau: tana hana zaizaya, tana riƙe danshi, tana rage ƙura. Abin da za a rufe da shi ne magana. Dankalin Hausa ya fi komai sauƙi. A yanko yaɗonsa, a binne rabinsa a kan kunya idan ruwa ya zauna, tazarar kamar santimita 30, cikin 'yan makonni ya rufe wurin, bayan wata 3 zuwa 4 a haƙi abinci, ganyen kuma a ba dabbobi. Wake mai yaɗo irin kanannado yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ya bar harawa. Kabewa tana son gefen juji ko inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Yaɗiya tana jure rani. Inda ake yawan takawa, kiri-kiri ya fi dacewa, sai dai a yi masa iyaka da bulo don kada ya shiga lambu. Da rani a shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi a gindin shuka, nesa da bango saboda gara. Kada kuma a ruɗu da duman kada don furensa ya yi kyau, shi ma yana sa dabbobi karkarwa da tangaɗi.

Wanda ya dage sai ya shuka mai shunayyar furen, to ya sa shi a tukunya ko bokiti mai huda a ƙasa, a kan dandamalin da yaro da kaza ba sa kaiwa. Yana son rana sosai da ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya, kuma idan ya kama ba ya bukatar ban ruwa sai ƙasar ta bushe. A tsinke furen da ya fara bushewa kafin ya yi iri, domin irin yana maƙalewa a gashin dabbobi. Kada a dasa shi a ƙasa kai tsaye: saiwarsa tana nitsewa, kuma guntun da ya karye a ciki sake tsirowa yake yi. Abin da aka datse a ƙone shi, ba a zuba a garke ko a ramin taki ba, sannan a wanke hannu.

Masu yankan ciyawa, musamman yara, a kai su bakin fadama a nuna musu ganyen da ido. A zazzage buhu a duba kafin a zuba wa dabba. Idan saniya ta fara rama ba dalili, idonta ya yi rawaya, ko fatar da ke da farin gashi ta fara saɓulewa a rana, a daina ba ta wannan ciyawar, a tsinko ganyen da furensa a kai wa malamin dabbobi. Idan abin ya fi ƙarfinsa akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Mutumin da ya taɓa shan jiƙon kuma ya ga cikinsa na kumbura, ko yana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya tafi babban asibitin Kankara ko na Funtuwa, ya gaya wa likita sunan ganyen, yawan abin da ya sha da tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha.