Tafintan Kurame: Aikin da Ke Jiran Masu Komawa Aji

A wani asibiti a nan Jalingo na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata kurma 'yar unguwarmu ta Yelwa ce zaune a benci da tsohon ciki, ɗanta da bai fi shekara tara ba yana tsaye tsakaninta da ma'aikaciyar jinya. Ma'aikaciyar ta ce, "Yaro, tambayi mamanka ko tana ganin jini." Yaron ya sunkuyar da kai, sannan ya taɓa kafaɗar uwar, ya nuna cikinta. Uwar ta daɗe tana bayani da hannu biyu, tana nuna ƙugu, tana nuna mara, tana ƙirga kwanaki da yatsu, fuska a yamutse. Da ta gama, yaron ya juya ya ce, "Anti, ta ce cikinta ke ciwo." Iyakar abin da aka rubuta a kati ke nan.

Ban ga laifin kowa ba a cikinsu. Yaro ba zai iya yi wa mahaifiyarsa irin wannan tambaya ba, kunya ba za ta bar shi ba. Wanda aka rasa a ɗakin nan shi ne tafinta, baligi wanda ya koyi aikin, ya kuma san nauyinsa.

Da yawa cikinmu muna ɗauka maganar kurame nune-nune ce kawai, kowa zai iya. A'a. Harshe ne cikakke mai nahawunsa. Siffar hannu, inda aka ajiye shi, yadda ya motsa, har ɗaga gira da kumbura kunci, duk suna sauya ma'ana. Shi ya sa lokacin korona, da aka rufe fuskoki da takunkumi, kurame suka ji jiki fiye da kowa: an rufe musu rabin magana.

Kuma harshen ba ɗaya ba ne. Wanda ake koyarwa a makarantun kurame na Nijeriya ya samo tushe daga na Amurka. Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, daga nan alamomin da ya zo da su suka bazu, suka gauraya da na gida. Amma tun kafin zuwansa kuramen ƙasar Hausa suna da nasu, wanda ake kira maganar hannu. Wata Bajamushiya masaniyar harshe, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarce shi, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. To ga inda gizo ke saƙa: mutum zai iya gama kwaleji da kyakkyawan sakamako, ya dawo Jalingo, ya tsaya gaban dattijo kurma mai wankin hula wanda bai taɓa shiga aji ba, su yi ta kallon-kallo. Shi yana harhaɗa haruffan Turanci da yatsu, dattijon kuwa bai san boko ba balle Turanci. A gari irin namu, inda a layi guda za ka ji Hausa da Fulatanci da Mumuyanci da Jukunanci, tafinta sai ya zama mai baki biyu ko uku, mai hannu biyu kuma ta fuskar harshe. Na makaranta a aji ake samunsa. Na gida kuwa sai a majalisar kurame, a bakin kasuwa ko tashar mota, inda suke taruwa da yamma.

Ina za a je karatun? Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda ta fara aiki a 1977, inda ake shekara uku a sami takardar NCE. Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano kowacce tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Sai dai mai niyya ya sani, yawancin waɗannan kwasa-kwasan malaman makaranta suke horarwa. Kafin ka biya kuɗin fom, ka tambaya sa'a nawa ake yi ana motsa hannu, kuma ko akwai kurame cikin masu koyarwa. Akwai kuma ƙungiyar tafintocin kurame ta ƙasa, ASLIN, da ƙungiyar kurame ta ƙasa, NNAD. A wajen 'ya'yansu ake jin labarin bita da horo.

Waɗanda nake wa wannan kira ba 'yan sakandare ba ne kaɗai. Malamar firamare da ta yi shekara goma tana riƙe da alli, ma'aikacin lafiya, magatakardan kotu, da musamman wanda ya tashi gida ɗaya da kurma, hannunsa ya riga ya saba. Na san abin da ke riƙe mutum: iyali, kuɗin makaranta, da kunyar zama aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Gemu dai ba ya hana ilimi. A wannan aiki ma shekaru riba ne, domin mace mai naƙuda ta fi sakin jiki da babbar mace, mai ƙara a kotu ya fi yarda da wanda ya san rayuwa.

Aikin da wuya, kada in yi maka rufa-rufa. Kunne na saurare, ƙwaƙwalwa na juyawa, hannu na fitarwa, duk a lokaci guda. Shi ya sa a manyan taruka ake sa tafinta biyu, suna karɓar juna bayan minti 20 zuwa 30, domin gajiya na kawo kuskure. Ga amana. Abin da ka gani a ɗakin likita, a can za ka bar shi. Ba ka ƙari, ba ka ragi, ba ka sassauta magana don tausayi, ba ka yanke wa kurma shawara kamar ƙaramin yaro. Duniya ta ga illar tafintan bogi ranar 10 ga Disamba 2013, a taron juyayin Nelson Mandela a Johannesburg, inda wani Thamsanqa Jantjie ya tsaya kusa da shugabannin ƙasashe yana wurga hannu ba ma'ana. Shi kyamara ta tona masa asiri. Wanda ya yi irin wannan a ofishin 'yan sanda, wa zai kama shi?

Batun abinci fa? Gaskiya har yanzu da yawa daga masu aikin "Allah ya saka da alheri" ake biyansu da shi. Amma ƙofa ta fara buɗewa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ɗora wa asibitocin gwamnati nauyin tanadar hanyar sadarwa ga majinyacin da ba ya ji ko ba ya magana. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, babban sakatarenta na farko, James Lalu, shi kansa kurma ne. Doka tana takarda. Mutanen da za su cika gurbin ne suka yi ƙaranci. Ga gidajen talabijin, ga kotuna, ga coci-coci, waɗanda suka riga masallatanmu nisa a wannan fanni. Mu tambayi kanmu: kurame nawa ke zama a sahun Juma'a tsawon shekaru ba su taɓa sanin abin da liman ya faɗa a huɗuba ba? Da yawansu kuwa da jinsu aka haife su, sanƙarau ko ƙyanda suka tafi da shi.

Ranar 23 ga Satumbar kowace shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa harsunan kurame. Kai mai ɗan'uwa kurma, ke mai NCE a akwati, kada ranar ta sake zagayowa ba ku nemi fom ba. Kafin nan, ku je majalisarsu ku yi sallama da hannu, za su matsa muku wuri a benci.